Gwiwar Ƙarfe da Zaman Tahiya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan labarin da kuka buga a shafin lafiya, na mutum-mutumin da aka ce yana yi wa mutane aikin gwiwa a ƙasashen waje. Tun ranar da jaridar ta fito wayata ba ta huta ba. Mutum huɗu suka kira ni, biyu suka tako har zaure, kuma tambayar ɗaya ce: Malam, kai da aka sa wa gwiwar ƙarfe, mutum-mutumin ne ya yi maka? Ɗaya daga cikinsu har ya fara cigiyar mai sayen gonarsa ta gado. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Ni tsohon malamin makaranta ne, shekara 33 na yi ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Yanzu ina da shekara 68. A farkon watan Fabrairu na 2023, lokacin da ake tsaka da wahalar takardun kuɗi, har mai sayar da ruwan zafi a bakin asibiti sai an tura masa ta waya, aka yi mini aikin gwiwar dama. A nan gida Najeriya aka yi, da hannun ɗan Adam. Ni ba likita ba ne. Abin da zan faɗa, rabi a jikina na ji shi, rabi na karanto shi a watannin da na yi ina jinya, domin malamin makaranta ko a gadon asibiti ba ya barin tambaya.

Asalin ciwon tsoho ne. A 1979, ina kwalejin horon malamai, aka taɗe ni a filin ƙwallo, gwiwar ta murɗe ta kumbura kamar tulu. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya matsa, ya ɗaure da kara, bayan wata guda na miƙe na ɗauka an gama. Daga nan sai tsayuwa gaban allo shekara da shekaru, da tayar da babur da ƙafar dama kullum safiya. Wajen 2014 ta fara yi mini magana. Da farko sai na tashi daga zama, daga baya ko ina kwance. Idan na lanƙwasa ta, wanda ke kusa da ni yana jin ƙarar, kamar ana taka tsakuwa. Ƙafar ta fara bankarewa kamar baka, har tela ya lura kafin ni.

Babu abin da ban yi ba. Man zafi iri-iri, ƙaho sau uku, jiƙe-jiƙe, da ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda a ce maka haɗin sanyin ƙashi ne. Su kam suna aiki kamar yankan wuƙa, shi ya sa mutane ba sa rabuwa da su. Sai da fuskata ta yi fam, sukarina ya hau, cikina ya fara ƙuna, sannan wani tsohon ɗalibina mai harhaɗa magunguna ya zazzage ledar a tafin hannunsa ya nuna mini: wannan diclofenac ne, wannan dexamethasone ne. Na farkon yana cin ciki da ƙoda idan aka daɗe ana sha, na biyun yana hawar da sukari ya kuma raunana ƙashi. Shekara biyu ina haɗiyarsu. A 2019 Allah ya nufe ni da sauke farali, ɗana na biyu ya biya mini. Safa da Marwa, sawu bakwai idan aka haɗa zuwa da dawowa, ya ɗan haura kilomita uku. A keke aka tura ni, ina kallon tsofaffin da suka girme ni suna sassarfa tsakanin korayen fitilu. A nan na yanke shawara, amma sai da na ƙara ɓata shekara uku ina jan ƙafa, saboda tsoro da kuma kuɗi. Zan dawo kan abin da wannan jinkiri ya jawo mini.

Da farko ina so masu karatu su san cewa kalmar "canjin gwiwa" tana ruɗar mutane. Wata baiwar Allah ta tambaye ni ko gwiwar mamaci aka sa mini. Ba a cire gwiwa a kawo wata. A ƙarshen ƙashin cinya da saman ƙashin ƙwauri akwai guringuntsi, farin nan mai santsi da muke gani a gaɓar ƙashin rago. Shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. Ba shi da hanyoyin jini, don haka idan ya cinye ba ya tsirowa, ko da mutum ya shanye kasuwar magani. Abin da likita yake yi shi ne ya shafce fuskar ƙasusuwan da ta lalace, kaurin da yawanci bai wuce santimita ɗaya ba, ya sa wa na sama hular ƙarfe, ya sa wa na ƙasa faranti, ya saka wata roba mai tauri a tsakani, ya manne da wani siminti na musamman. Idan ka san yadda ake sa haƙorin Makka, ka fahimci rabin zancen. Ƙashinka yana nan, jijiyoyin gefe suna nan, naman cinyarka yana nan.

Kuma aikin ba sabo ba ne. Irin gwiwar da ake sawa yau ta samo asali ne daga wadda Dakta John Insall da abokan aikinsa suka fara sawa a birnin New York a 1974. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta tattara bayanan dubban mutane daga ƙasashe da dama, ta gano cewa kashi 82 cikin 100 na waɗannan gwiwoyi suna nan suna aiki bayan shekara 25. Da na karanta wannan na yi lissafi na ga cewa sai na kai 90 da ɗoriya kafin in fara damuwa. Na ce wa Hajiya, in Allah ya kai mu, ma ji da shi a lokacin.

To mene ne sabo? Abin da na gani da idona ba shi da ƙyalƙyali, shi ya sa ba a sa hotonsa a jarida. Ba a sa ni barci ba. Allura aka yi mini a baya, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu, ina jin ƙarar zarto da bugun guduma kamar a shagon kafinta, ina ta salati. An ƙara mini wata allura a cinya, ana duba jijiyar a allon na'ura, wadda ke kashe zafin gwiwa ba tare da ta kashe ƙarfin ƙafa ba. An kuma ba ni wani magani mai suna tranexamic, mai hana zubar jini da yawa. Wasu mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, suka samar da shi tun 1962, ba shi da tsada, amma sai a 'yan shekarun nan ya zama ruwan dare a aikin gaɓoɓi. 'Ya'yana biyu sun ba da jini an ajiye, ba a taɓa ko leda ɗaya ba. Washegari da hantsi wata yarinya mai gashin ƙashi, wato ma'aikaciyar da ke koya wa majinyata motsa jiki, sa'ar autata, ta zo da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu ta ce, "Baba, a tashi." Na ce, "'Yar nan, jiya fa aka yanka ni." Ta ce, "Shi ya sa, Baba." Na taka har bakin ƙofa na dawo, gumi ya jiƙa ni sharkaf. Tashin wuri yana hana jini daskarewa a jijiyar ƙafa, wanda idan ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kisa. A da sai mutum ya yi mako ɗaya ko biyu a kwance. Yanzu a Amurka da Turai akwai waɗanda ake yi wa da safe su kwana a gida. Ni kwana biyar na yi.

Yanzu ga mutum-mutumin. Akwai shi, ba ƙarya kuka buga ba. Wanda ya fi suna shi ne Mako, wanda kamfanin Stryker ya saya a 2013, akwai kuma ROSA da CORI da VELYS na wasu kamfanonin. Amma hoton da mutane suka ɗauka, na wani ƙarfe mai kai da ido yana fiɗa shi kaɗai likita na shan shayi, ba haka ba ne. A tsarin Mako, ana ɗaukar hoton ƙashin da na'urar CT tun kafin ranar, kwamfuta ta zana gwiwar mutum yadda take, likita ya tsara inda zai yanka. Ranar aiki likitan ne ke riƙe da zarton, hannun na'urar kuma yana tare shi idan zai wuce iyakar da aka shata. Kamar layin da muke ja wa yara a littafin rubutu ne. Amfaninsa a bayyane yake: yankan ya fi daidaito, ƙarfen ya fi zama inda aka nufa. Abin da ba a cika faɗa wa mai biyan kuɗi ba shi ne, a gwaje-gwajen da aka yi zuwa yanzu, idan aka tambayi mutane bayan shekara ɗaya ko biyu yaya zafi, yaya tafiya, bambancin da ke tsakanin waɗanda aka yi wa da na'ura da waɗanda ƙwararren likita ya yi wa da hannu ƙanƙani ne, wani lokacin ma babu.

Ina da aboki, ɗan kasuwa, tare muka yi firamare. Wata huɗu bayan nawa ya tafi ƙasar waje aka yi masa da mutum-mutumi. Ya kashe abin da ya ninka nawa sau da yawa, in aka haɗa jirgi da masauki da ɗan rakiya da tafinta. Ya dawo bayan mako biyu da hoton ƙashi mai kyau, ni kaina da na ɗaga shi a rana sai da na yaba, ƙarfen ya zauna ɗas. Sai dai Alhaji ya shiga ɗaki ya kwanta. Iyali suka kewaye shi, wannan ta kawo farfesu, waccan ta kawo matashi ta cusa a ƙarƙashin gwiwa, wanda shi ne abin da aka fi hana mu. Duk wanda ya ce ya motsa sai a ce ba shi da tausayi. Takardar motsa jikin da aka ba shi da Turanci take, tana cikin jaka. Da na je duba shi bayan wata biyu, gwiwar ta ƙage, ba ta lanƙwasuwa ko rabin yadda ya kamata, shiga mota ma sai an ja kujera baya. Likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, sai saƙon WhatsApp da ake amsawa bayan kwana biyu. A ƙarshe a nan gida aka sake sa shi barci aka lanƙwasa ta da ƙarfi don a tsinka tabon da ya kama ciki. Ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma har yau na fi shi taku.

Ba wai na fi shi jarumta ba. Ni ma na yi kuka, a gaban jikokina. Bambancin kawai shi ne likitana yana inda mota za ta kai ni, kuma yarinyar nan ta ce mini tun ranar farko, makonni shidan farko su ne kasuwar, in ta watse sai a hankali. Mai gashin ƙashi mafi kusa da gidana yana da nisan kilomita 70. Sau biyu a mako ake kai ni, sauran kwanakin in zauna a bakin gado in sa tsohon rawanina a tafin ƙafa in ja, in ɗora diddige a kan turmi in bar gwiwar ta miƙe har sai hawaye ya zo. Da ma'aunin kusurwa irin na darasin lissafi take auna ni. Digiri 70, 85, 95. Ranar da na kai 110 na sa aka yanka zakara.

A 118 na tsaya. Nan ne zancen da ya fi damuna, kuma shi ne ban gani a labarinku ba.

Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasu kamar digiri 65. Hawa bene da tashi daga kujera, 90 zuwa 100. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin suna samun 110 zuwa 125, kuma ga Bature wannan ya wadatar, domin rayuwarsa a kan kujera take, cin abincinsa, ibadarsa, har bayan gidansa. Mu kuwa a ƙasa muke rayuwa. A tabarma muke cin tuwo, a tabarma muke zaman makoki da ɗaurin aure, da durƙuso muke gaida manya, bayan gidanmu na tsuguno ne. Zaman tahiya kuma, inda mutum ke ɗora mazaunai a kan ƙafa, yana neman wajen digiri 150 ko fiye. Ka ga ratar da ke tsakanin 118 da 150. A cikin wannan rata sallata take.

Likitana bai ɓoye mini ba, Allah ya saka masa. Da na tambaye shi, sai ya ajiye biro ya ce, "Baba, zafi zai tafi in sha Allahu, za ka yi tafiya, za ka yi tsayuwa da ruku'u. Zaman tahiya irin na da kuwa, kada in yi maka alkawari." Ya kuma gaya mini abin da ya sa na yi da-na-sani: babban abin da ke nuna yadda gwiwa za ta lanƙwasu bayan aiki shi ne yadda take lanƙwasuwa kafin aiki. Wanda ya zo tana kai wa 130 yakan fita da abin da ya fi na wanda ya zo da 90. Ni da 95 na je. Shekarun da na yi ina shan haɗi ina jiran ikon Allah, jijiyoyi suna ta ƙanƙancewa, naman cinya yana ta zubewa. Kamfanoni sun ƙera wasu gwiwoyi da suka ce na lanƙwasawa sosai ne, musamman don kasuwar Asiya da ƙasashen Larabawa, amma da aka gwada su da na gama-gari, ƙarin da aka samu ɗan kaɗan ne. Ƙarfen yana iya kai wa 150, naman da ke kewaye da shi ne ba ya yarda.

Azumin 2023 ya kama mako shida bayan aikina. A kan farar kujerar roba na yi tarawihi, a ƙarshen sahu, jikin bango. Na san hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa a yi salla a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Na sha karanta wa wasu shi. Amma ranar farko da liman ya yi kabbarar sujada, sahu gaba ɗaya ya faɗi ƙasa, na rage ni kaɗai a sama ina sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Shekara sittin goshina yana taɓa ƙasa. Ba wanda ya shirya ni don wannan, kuma ba aikin likita ba ne. Yanzu, bayan fiye da shekara biyu, ina iya sujada a gida idan na ninka darduma biyu. Durƙuson ba ya lalata ƙarfen, sai dai yana da wani iri, ga kuma wani wuri a gefen tabon, faɗin tafin hannun yaro, da ya mutu ba na jin komai, saboda ƙaramar jijiyar fata da ake yankewa dole. In na ɗago sai in zauna a kan mazaunai in miƙe ƙafar dama gaba. Tashin ne aiki, sai na dafa gado. A masallaci dai har yau ni da kujerata. Masai kuwa tun kafin a sallamo ni yara suka fasa suka sa na zama. Hausawa na cewa tsugune ba ta ƙare ba. A gidana ta ƙare.

Duk da haka, da za a mayar da ni 2023 zan sake sa hannu a takardar. Ina barci. Wanda bai yi shekara tara gwiwa na tashinsa ƙarfe biyun dare ba, ba zai san nauyin wannan magana ba. Ina zuwa gona da ƙafata, ina hawa babur, mai maɓalli dai yanzu. Ban rubuto don in sanyaya wa kowa gwiwa ba, ta riga ta yi sanyi. Amma a sani cewa bincike da dama sun nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya gamsuwa da sakamakon, wasu zafin bai gama tafiya ba. Ɗaya ko biyu cikin ɗari kuma ƙwayar cuta kan shiga wurin ƙarfen, kuma wannan babbar musiba ce, don wani lokaci sai an cire komai an yi makonni ana allurai kafin a sake sawa. Shi ya sa aka ɗage nawa da wata biyu har sai da sukarina ya sauka, aka kuma tura ni cire wani ruɓaɓɓen turmin haƙori da na manta da shi. Na yi fushi a lokacin. Duk asibitin da ya karɓi kuɗinka yau ya ce gobe a shiga tiyata, bai tambayi sukari ba, bai leƙa bakinka ba, ka ɗauki takalmanka.

Akwai wani abin da nake so in ja kunne a kai, wato abin da ake kira wankin gwiwa. An taɓa yi mini tayinsa a wani wuri, aka ce ba yanka, huda biyu ce kawai, a zura kyamara a wanke a share. Ita wannan fasaha gaskiya ce, kuma Japanawa ne suka raine ta: Kenji Takagi ya leƙa cikin gwiwar gawa a 1918, ɗalibinsa Masaki Watanabe ya yi aikin farko na yanke yagaggen guringuntsi ta huda a 1962. Ga matashin da ya ji rauni a ƙwallo, alheri ce babba. Amma ga tsoho mai cinyayyar gwiwa fa? A 2002 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Houston na Amurka da mutum 180. Wasu aka yi musu wankin na gaske, wasu kuma aka ɗan tsaga fatarsu kawai aka ɗinke, ba su san wanne aka yi musu ba. Shekara biyu ana bibiyarsu, babu wanda ya fi wani samun sauƙi. A 2013 aka maimaita makamancinsa a ƙasar Finland da mutum 146, amsar ba ta canza ba. Haka allurar nan da ake ɗibar jinin mutum a tace a mayar masa cikin gwiwa, wadda ta fara yawa a manyan biranenmu da tsadar gaske: wani gwaji a Ostareliya a 2021 ya kwatanta ta da allurar ruwan gishiri ga masu amosanin gwiwa, bai ga ta fi ba. Ni malamin kimiyya ne, irin waɗannan gwaje-gwaje suna burge ni fiye da kowane mutum-mutumi, don su ne ke hana a sayar mana da iska.

Matasa su ne suka fi cin ribar sababbin abubuwan. Jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa da ke tsinke wa 'yan ƙwallo, wadda nake zargin ita na tsinka a 1979, an saba cire ta ne a ɗebo wata daga jikin mutum a dasa. A ƙarshen 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata dabara da Dakta Martha Murray ta Boston ta yi shekaru tana aiki a kai: wani soso da aka yi da sinadarin jikin saniya, a jiƙa shi da jinin mai rauni, a sa tsakanin bakin jijiyar biyu, ta haɗe da kanta. Akwai kuma noman guringuntsi, wanda likitocin Sweden suka bayyana a 1994: a ɗebi ɗan kaɗan daga gwiwar mutum, a raine shi a ɗakin gwaji, a dawo a cike ramin. Wannan na ƙaramin rami ne a gwiwar matashi, ba na irin tawa da ta cinye gaba ɗaya ba. Kuma wanda zai je nema ya sani cewa nau'in da ake kira MACI a kan wata fata da aka samo daga alade ake shuka ƙwayoyin. Ban ce halal ba, ban ce haram ba, akwai malamai, akwai kuma babin lalura. Amma gara mutum ya ji tun yana gida.

Ga wanda gefe ɗaya ne kawai ya cinye, ana iya sa rabin gwiwa, irin wadda aka ƙera a Oxford ta Ingila. Yankan ya fi ƙanƙanta, an fi saurin warkewa, kuma takan fi lanƙwasuwa, abin da ya shafi zancenmu na salla kai tsaye. Sai dai wancan rahoto na Lancet ya nuna kashi 70 cikin 100 ne ke kai shekara 25. Da na je da wuri wataƙila da ita aka sa mini. Har gwiwa mai tsegumi an ƙera, Persona IQ, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021, da 'yar na'ura a ciki tana aika wa likita yawan takun da ka yi. Da ita aka sa wa abokina Alhaji, da asirinsa ya tonu tun makon farko.

Abu ɗaya da ya tsaya mini a rai daga zaman asibiti: a layin ganin likita, mata sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, kuma nasu ya fi lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 365 ke fama da amosanin gwiwa, kuma cikin masu amosanin gaɓoɓi gaba ɗaya kashi 60 cikin 100 mata ne. Iyayenmu mata sun yi daka, sun yi surfe, sun yi girki a tsugune gaban murhu shekara arba'in, ga haihuwa, ga jiki ya yi nauyi. In sun yi ƙorafi a ce tsufa ne. Maigida zai sayar da fili don tasa gwiwar, tata kuwa a sayo man zafi. Ban cire kaina ba. Sai da na warke na lura Hajiya ta daɗe tana salla a zaune a bakin gado, ban taɓa tambaya ba. Na kai ta an ɗauki hoto. Nata bai kai na aiki ba, aka ce ta rage nauyi ta ƙarfafa cinya, domin kowane kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ta sauke kilo shida, ta bar lemon kwalba, kuma yanzu tare muke jan rawani da safe, ita a wancan bakin gado ni a wannan.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko na Igbobi a Legas, ko na Inugu, ko asibitocin koyarwa, ya zauna da likitocin da ke wannan aiki a nan gida. Ya tambaye su nawa ne kuɗin ƙarfen, nawa ne na aikin, kuma me ya sa farashin ke bin dala. Ya tambayi hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dokar 2022 ta ce kowa ya shiga tsarinta, ko ɗan fansho irina yana da wani kaso a aikin gwiwa. Ya ƙirga masu gashin ƙashi nawa ne a ƙananan hukumomin jiha guda. Sannan a samu wani ya fassara takardar motsa jikin nan zuwa Hausa, da hotuna, har da ajami, ku buga ta a shafi guda mutane su yanka su liƙa a bango. In ba a samu mai yi ba, ni zan yi, likita ya duba.

Shi kuma mai niyyar sayar da gona, na ce masa ya dakata, ya fara zuwa a ɗauki hoton gwiwar a tsaye, ba a kwance ba, don a tsaye ne ake ganin yadda ƙashi ya haɗe da ƙashi. Ranar Talata za mu tafi tare, domin ni ma ta hagun ta fara ƙara, kuma jiya da jikana ya auna mini ita da ma'aunin makarantarsu, tana kan 125. Wannan karon ba zan bari ta sauko ba.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
daga Jihar Katsina.